Ni Ne Dassin

Ranar Talata da hantsi aka kori Dassin Illi daga Zauren Magina, shafin intanet inda masu rubuta manhaja ke tambaya da amsa da Hausa, daga Kano har Agadas. Sanarwar korar ta fito da hotonta, da cikakken sunanta, da sunan garinsu, Arlit. Laifin da aka ɗora mata shi ne ta aika wa sababbin ɗalibai saƙon ƙarya na tallafin karatu, tare da wani adireshi da ke kwashe bayanan duk wanda ya taɓa shi. Ba a tambaye ta komai ba kafin a yanke hukunci. Ranar Juma'ar makon ne wani ƙaramin kamfani a Yamai ya ce zai duba shafinta na zauren kafin ya ɗauke ta aiki. Dassin ba ta da diplom, takardar shaidar gama karatu. Shafin nan shi ne takardarta.

Ita ce ta ƙarshe da ta ji labarin. Ta sauka daga kabu-kabu a bayan tasha, ta shiga sibar ɗin Zayyadu, ɗakin haya na intanet mai ordinatoci, wato kwamfutoci, jere da bango, da fanka ɗaya da ke juya iska mai zafi. Zayyadu Bakatsine ne. Ya zo Arlit sayar da kayan waya tun lokacin da motocin ma'aikatan ma'adini ke cika titi, bai koma ba.

"Injiniya, yau kin makara," in ji shi. "Ordinatar bakin taga na nan, na kore miki wani direba."

"Allah ya saka. Akwai rezon intanet?"

"Akwai. Ki bi shi a hankali kada ya gudu."

Ta zauna, ta rubuta sunanta da modipas, kalmar sirrinta. Jan rubutu ya fito: an kori wannan mamba. Ta sake rubutawa da yatsa ɗaya, harafi bayan harafi. Jan rubutun ya dawo. Sai ta shiga kamar baƙuwa, ta ga fuskarta a saman shafin, hoton da ta ɗauka da baƙin gyale a ƙofar gidansu. A ƙasa an liƙa saƙon da aka ce ita ta aika:

"Assalamu alaikum ƙannena. Ni ce Dassin, yayarku ta Arlit. Wata dama ce ta samu, na ce ba zan ci ni kaɗai ba. Wata ƙungiya ta buɗe ƙofarta ga ɗalibai, amma za ta rufe ta kwanan nan. Ku shiga nan ku cike."

Ta karanta, ta sake karantawa, ta waiwaya.

"Zayyadu, zo ka gani. Ni ne ya rubuta wannan?"

Ya sunkuya a kan allon, leɓunansa suna motsi, sai ya fashe da dariya.

"Ke? 'Ni ce Dassin'? Wallahi ko da wuƙa a wuya ba za ki iya ba."

Daga nan ya ga hoton da jan rubutun, dariyar ta tsaya.

Dassin Ba'abziniya ce. Tamajak ta tashi da shi a ɗaki, Hausa kuwa a titi ta tsince ta, irin Hausar Abzin da ba ta raba namiji da mace. A bakinta ƙofa ne, mota ya zo, uwarta ya tafi kasuwa. Duk wanda ya taɓa sayen tumatir a Arlit ya san wannan Hausar, ba ya ma jin ta a matsayin kuskure. Tun da ta fara magana ba ta taɓa cewa "ni ce" ba.

Ta sauko zuwa sharhin jama'a. Wani ya ce dama bai taɓa yarda da ita ba. Wata ta ce an kwashe mata komai a waya, Allah ya isa. Wani ya sa fuskar dariya, ya tambaya ko uraniyom ne ya ƙare aka koma sata. Yawancin sunayen ta san su. Akwai waɗanda ta taɓa zama da su layi bayan layi har manhajarsu ta tashi. Ta nemi wurin rubuta amsa, babu. Baƙo karatu kawai yake yi.

* * *

Mahaifinta, Illi, direban kar ne, wato bas, da ke kai ma'aikata ma'adinin Akokan, har aka rufe shi a 2021. Daga nan ya koma ban ruwa a wata garka, wani lambu a gefen gari. A shekarar ne Dassin ta bar lise, wato sakandare, ba ta kai ga bak ba, jarrabawar ƙarshe. A waya ta fara koyon rubuta manhaja, a sibar ɗin Zayyadu ta ci gaba. Zauren Magina ne makarantarta. Ta shiga tana tambaya, ta koma mai ba da amsa, har ya zama idan sabon ɗalibi ya maƙale sai a ce masa ya jira 'yar Arlit. A can Madam Sa'adatu, mai kamfanin Yamai, ta ga amsoshinta, ta neme ta a waya.

Masu kula da zauren suna da hoton tsintsiya a gefen sunansu, don haka ake ce musu masu tsintsiya. Suna goge zagi, suna rufe zance, suna korar mutum. Babbansu Malam Lawan ne, malamin kwamfuta a wata makaranta a Kano. Shi ya gina shafin da hannunsa, kuma yana alfahari da abu biyu: shafin bai taɓa faɗuwa ba, kuma Hausar cikinsa mai tsabta ce.

Lokacin sanyin bara Dassin ta lura da wani abu. Idan mutum ya shiga shafi da modipas, shafin yakan ba na'urarsa wata 'yar shaida da masu aikin ke kira sesiyon. Muddin shaidar tana raye, ba a sake tambayar ko wane ne. Idan ya taɓa "Fita" ya kamata shaidar ta mutu. Wata rana ta taɓa "Fita" ta tafi gida. Washegari ta zauna a ordinatar bakin taga, ta koma baya a tarihin shafuka, sai ta tsinci kanta a ciki, ba modipas ba komai. Ta canja modipas ta sake gwadawa. Tsohuwar shaidar ba ta mutu ba.

Ta buɗe sabon zance a zauren, ta sa masa kai: "Ƙofar fita ba ya rufewa." Ta yi bayani dalla-dalla, ta ce yawancin 'yan Nijar da ke zauren daga sibar suke shiga, kujera ɗaya mutum da yawa. Kafin la'asar Malam Lawan ya amsa. Ya ce an riga an yi irin wannan tambayar a baya, a riƙa bincike kafin a buɗe zance. Ya mayar da kan maganar "Ƙofar fita ba ta rufewa", ya sa mata kwaɗo.

Tun daga ranar take goge tarihi kafin ta tashi. Amma kuran, wutar lantarki, ba ya sallama a Arlit. Sau da yawa allo yakan mutu tana tsakiyar aiki, a zauna a jira, a gaji, a watse.

* * *

Ta fita waje ta tsaya a inuwar wata babbar mota, ta kira Ahmudu. Ajinsu ɗaya a lise. Yanzu yana aiki a garin Cirozerin, kusa da Agadas, kuma shi kaɗai ne ɗan Abzin a cikin masu tsintsiya. Ya daɗe bai ɗauka ba.

"Dassin, na gani. Wallahi ba ni ne ya sa hoton ba."

"Ban ce kai ne ba. Ka karanta saƙon?"

"Na karanta."

"To? Ni da kai Hausa ɗaya ne a bakinmu. Wannan Hausar nawa ne?"

Tana jin ƙarar inji a bayansa.

"Ka faɗa musu su buɗe tsofaffin amsoshi na," in ji ta. "Duk abin da na rubuta yana nan. Su ajiye kusa da saƙon. Makaho ma zai ga hannu biyu ne."

"Kin buɗe su?"

"Me zan buɗe? Ni ne ya rubuta."

"Ki buɗe tukuna, ki kira ni."

Ta koma ciki. Wanda ya ba da amsa ba ya komawa karanta ta, sai mai tambaya. Ta zaɓi wata tsohuwa, wadda ta yi wa wata ɗaliba 'yar Maraɗi a kan yadda ake jera bayanai. Tunanin nata ne, misalin buhunan albasa ma nata ne. Amma a layin farko an rubuta: "Matsalar ba babba ba ce." Ta buɗe wata. "Na'urar tana jiran ki ba ta umarni." Ta buɗe wata, da wata. Ta gangara har amsarta ta farko a zauren, wadda ta gabatar da kanta a ciki. Ta tuna ranar. A kan allon an rubuta: "Ni ce Dassin, daga Arlit."

Ta sake kiran Ahmudu.

"Wa ya taɓa?"

"Malam ne. Duk ƙarshen mako yana bi, yana share na mutanenmu. Naki ya fi yawa don ke kika fi rubutu. Yana cewa hidima ne ga harshe."

"Na ainihin yana ina?"

"Babu. Shafin ba ya ajiye tsoho. In an gyara, sabon ne yake hawa kan tsohon."

"Kai ka sani tun da?"

"Kowa cikinmu ya sani. Ba a ɗauke shi wani abu ba, Dassin. Ni ma na ɗauka alheri ne."

"To ka faɗa a fili. Layi ɗaya. Ka ce Hausar da ke shafinta ba nata ne ba."

"Ni ƙaramin tsintsiya ne. In na rubuta, kafin a karanta an goge, gobe kuma hotona ne a sama." Ya ja numfashi. "Zan turo miki lambar Malam. Kada ki ce ni na ba ki."

Ta ajiye wayar a kan tebur. Zayyadu yana tsaye yana goge allon wata ordinatar da tsumma.

"Wa ya zauna a nan bayana, ranar da kuran ya tafi?"

"Wace ranar? Kuran ai kullum tafiya yake." Ya ɗaga kafaɗa. "Direbobi, 'yan zinariya, masu hanyar Aljeriya, ɗalibai. Wani na zuwa ya buga takarda ɗaya ban sake ganinsa ba har abada. Ba na tambayar suna, Injiniya. In na fara tambaya ba mai shigowa."

Ta saurare shi. Maganarsa tana gudu sumul, kowace kalma da jinsinta, ba tuntuɓe. Haka saƙon yake. Haka kuma rabin kasuwar Arlit ke magana.

"Kina kallona," in ji shi.

"A'a."

"Kina kallona, Injiniya."

Ya naɗe tsumman, ya koma bayan teburinsa, ya zauna yana fuskantar titi.

* * *

Labarin ya riga ta isa gida. Illi yana zaune a kan tabarma a tsakar gida, rawaninsa a kwance a wuya, ƙafafunsa da busasshen laka na garka. Butar shayi tana kan gawayi. Wayarsa tana gabansa, hoton 'yarsa a kai. Wani ne ya tura shi cikin rukunin tsofaffin direbobin kamfani, ya rubuta a ƙasa: wannan ba 'yar Illi ba ce?

Da Tamajak suka yi magana, kamar kullum.

"Zauna," in ji shi. "Kin ɗauki abin wani?"

"A'a, Abba."

"To." Ya ɗaga butar sama, ya zuba, ya mayar. Bai sake tambayar ba. "Yi mini bayani yadda zan gane."

Ta fara da sesiyon, ta ga ya ɓace. Ta tsaya, ta dubi igiyar shuɗiya da ke wuyansa, wadda yanzu makullin garka ke rataye a jikinta.

"Abba, ka tuna baj ɗinka na kamfani?"

Hannunsa ya kai kan igiyar.

"Ranar farko an duba fuskarka, an duba takardunka, aka ba ka baj. Bayan nan fa?"

"Bayan nan baj ake dubawa. Mai gadi ko ɗaga kai ba ya yi."

"To wani ne ya tsinci nawa. Ya shiga da shi, ya yi ɓarna da sunana."

"Sai su kama shi a ƙofa."

"Ni suka kama."

Ya miƙa mata ƙaramin kofi. Kumfa ya cika rabinsa.

"Ranar da aka sallame mu," in ji shi, "kafin takarda, kafin a ce mana an gode, baj aka fara karɓa. Aka sa kwali a bakin ƙofa, kowa ya cire ya jefa. Ni igiyar kawai na roƙa." Ya dube ta. "Su da suka kore ki, sun karɓi baj ɗin?"

Dassin ta riƙe kofin ba ta sha ba. Tun safe tunaninta yana kan sunanta, bai kai nan ba. Korar ta hana shiga da modipas. Wanda ke riƙe da shaidar ba ya bukatar modipas.

"Ban sani ba, Abba."

"To ki tambaye su. Babban nasu ba shi da gida? In nan kusa ne in sa rawani in je."

"A Kano yake."

"Kano." Ya juya kalmar a baki. A da yana da abokai direbobi da ke zuwa can duk wata. "Ba shi da wani babba a samansa? Shugaba, alƙali, mai unguwa?"

"Shi ne ya gina wurin."

Illi ya ɗauki wayarsa, ya dubi hoton, ya kife ta a kan tabarma. Da la'asar bai fita majalisar direbobi ba. Ya ce ƙafarsa ce ke ciwo.

* * *

Washegari da safe ta kira Kano. An ɗauka a kira na biyu. Akwai hayaniyar yara a baya, kamar lokacin tara.

"Salamu alaikum, Malam. Ni ne Dassin, daga Arlit."



"Ni ce," in ji Malam Lawan.

"Na'am?"

"Mace 'ni ce' take cewa."

"Malam, shi ne abin da ya sa na kira."

Ta yi masa bayani a tsanake, kamar yadda ta shirya a hanya. Bai katse ta ba. Muryarsa da ya amsa ba ta da zafi, muryar mutum ce da ya gaji.

"Malama Dassin, saƙon daga asusunki ya fito. Wannan ba ra'ayina ba ne, abin da na'ura ta nuna ke nan."

"Na'ura ya ga baj, Malam, bai ga fuska ba. Na rubuta muku tun lokacin sanyi. Ƙofar fita. Kai ne ka rufe maganar."

"Ana buɗe irin wannan zancen kullum. Kowane yaro ya karanta abu ɗaya sai ya zo ya ce shafina a buɗe yake. Kin san shekarun da na yi ina riƙe da wurin nan, ba albashi, ba godiya? Tun jiya iyayen yara ke kirana. Dole a ga mun yi wani abu."

"To ku yi wannan. Ku kashe duk sesiyon da ke raye. Kowa ya sake shiga. Mutumin yana iya kasancewa a ciki har yanzu."

"An kori asusun. Wanda aka kora ba ya ciki."

"Ka gwada?"

"Ba sai na gwada abin da na rubuta da hannuna ba."

Ta rufe ido. Wata babbar mota ta wuce, ta jira ƙarar ta lafa.

"Malam, abu ɗaya na roƙe ka. Ka faɗa wa zaure kai ne kake gyara Hausa na. Kowa ya san yadda nake rubutu kafin ka share. In ka faɗa, za su tuna."

"Na gyara miki ne don kada a yi miki dariya," in ji shi, a karon farko da ɗan ɗaci. "Na sa an ɗauke ki da daraja. Ki duba waɗanda ke girmama ki yau, da wace Hausa suka san ki?"

"Da naka."

"To kin gani."

"Shi ya sa ba ni da shaida."

A hankali ya yi magana, kamar yana bayani a aji.

"Idan na fito na ce masu tsintsiya suna canja rubutun mutane ba alama, gobe duk wanda ya zagi wani zai ce ba shi ya rubuta ba. Ba wanda zai sake yarda da layi ɗaya a wurin. Zauren ya mutu ke nan. Dubban yara ke koyo a ciki. Kina so in rushe shi saboda mutum ɗaya?"

"Ina so ka faɗi abin da ya faru."

"Za mu duba maganarki a taron masu tsintsiya."

"Yaushe?"

"Bayan jarrabawa, in sha Allahu. Yanzu ina da aji."

"Malam, hoton fa? Ubana ya..."

An kashe.

Da rana Madam Sa'adatu ta kira daga Yamai. Ba ta yi dogon gaisuwa ba.

"Madmazel Dassin, an turo mini abin. Ban ce ke ce ba, kin ji? Na yi magana da ke, na san yadda kike magana, har na yi mamakin yadda rubutunki ya bambanta. Amma aikinmu riƙe bayanan mutane ne. Abokan hulɗarmu suna cikin wannan zauren. Idan suka buga sunanki, abin da za su gani ke nan."

"Madam, in kin ba ni gwaji, kowane iri ne, zan yi a gabanki."

"Ba iyawarki nake shakka ba. Ki samo mini layi ɗaya daga masu zauren, su ce ana bincike. Ko wannan ya isa in nuna. Zuwa Juma'a da yamma. Bayan nan akwai wani yaro daga Dosso da ke jira, ba zan iya riƙe shi ba."

Dassin ta tura wa Ahmudu saƙo, ta roƙi layin. Ya karanta. Bai amsa ba. Ta buɗe sabon asusu da wani suna don ta rubuta bayani a zauren. Ta rubuta yadda take magana, ba ta gyara komai ba. Kafin ta gama shan ruwa an goge, an kori sabon asusun, an ƙara layi a ƙarƙashin sanarwar: korarriyar tana ƙoƙarin dawowa da sunan bogi, a yi hattara. A Hausarta suka gane ta.

* * *

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Zayyadu ya buɗe sibar. Dassin tana tsaye a bakin ƙofa. Ya amsa sallamarta, ya nuna mata ordinatar bakin taga da haɓa. Bai ce Injiniya ba. A jikin bango ya liƙa sabuwar takarda da rubutun hannu: kowa ya fita daga shafinsa kafin ya tashi.

Ta shiga kamar baƙuwa. Sanarwar tana nan a sama. Ba a ƙara komai ba, sai sharhi. Zancen ƙofar fita ma yana nan can ƙasa, da kwaɗonsa. Ta taɓa sunanta, shafinta ya buɗe: hoton baƙin gyale, jerin amsoshi cikin Hausa mai tsabta, da jan tambari a gefe, "An kore ta."

Kusa da tambarin akwai ɗan ɗigo. Zauren yana sa shi toka-toka idan mamba ba ya nan, kore idan yana ciki. Nata kore ne.

Ta ɗauke hannuwanta daga kan tebur ta ɗora a cinya. Ta dubi ɗakin. Wani direba yana buga takardar mota. Wasu samari biyu suna kallon ƙwallo da abin kunne ɗaya. Zayyadu yana fuskantar titi, wayarsa a hannu, babban yatsansa yana motsi. Ba ta iya ganin allonsa daga inda take.

Ta ɗauki hoton ɗigon da wayarta, ta tura wa Ahmudu, ta tura wa Malam Lawan. Na Ahmudu ya shiga, ba a buɗe ba. Na Malam Lawan bai shiga ba. Ta buɗe lambar Madam Sa'adatu, ta dube ta, ta rufe. Ɗigo kore a gefen sunanta ba zai nuna wa kowa komai ba, sai dai cewa Dassin tana ciki.

A ƙarƙashin sunan wasu ƙananan haruffa suka bayyana, irin waɗanda ke fitowa idan mamba yana aika wa wani saƙon sirri: "tana rubutu". Suka ɓace. Suka dawo.

Fanka ta rage gudu, ta tsaya. Allunan suka mutu gaba ɗaya. Samarin suka yi tsaki suka miƙe, direban ya fara faɗa a kan takardarsa. Dassin ba ta tashi ba. Ta buɗe zauren a wayarta, ta jira rezo ya kawo shafin, layi bayan layi. La'asar ta wuce, layin da Madam Sa'adatu ke jira bai zo ba. Ɗigon yana nan, kore.